Wa ke ɗaure wa matasan mawaƙanmu maƙogwaro?

Masu rera waƙa a Gombe da Bauchi sun fi yadda ake zato yawa. Akwai sha'irai masu bege da ke cika majalisi a watan Maulidi, akwai 'yan kwaya da zumuntar mata a majami'un Billiri da Kaltungo da Tafawa Ɓalewa, akwai ɗaliban Islamiyya da ake tsayarwa gaban iyaye ranar walima, ga kuma samari da 'yan mata da ke tara kuɗi su shiga situdiyo su ɗora murya. Kowa da salonsa, amma ciwo ɗaya ke damun da yawansu. A ɗaki muryar tana fita sumul, da an miƙa makirufo sai ta ƙanƙance, ta kama rawa, numfashi ya yanke a tsakiyar baiti. Nan take mukan yanke hukunci: "ba shi da murya", ko "Allah bai ba ta baiwar ba". A ganina wannan hukunci kuskure ne a mafi yawan lokuta, kuma masu yanke shi, wato malamai da shugabannin kwaya da masu situdiyo da abokai 'yan rakiya, suna da hannu dumu-dumu a cikin matsalar.

Sai an san inda murya take fitowa za a gane abin da tsoro ke yi mata. Ka ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka. A bayansa akwai wasu 'yan tsoka guda biyu masu laushi da lema, tsawonsu wajen santimita 2 a namiji baligi, na mace kuma bai kai haka ba. Iskar da ke tasowa daga huhu ita ke bi ta tsakaninsu ta sa su karkarwa. Idan namiji na magana sukan haɗu su rabu sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa guda, na mace kuwa wajen sau 200. In za a hau sama, wasu ƙananan tsokoki ne na cikin maƙogwaron ke miƙa su, su ƙara tsawo da siranta. Iyakar aikin ke nan, kuma ba aikin ƙarfi ba ne. Manyan tsokokin wuya da na muƙamuƙi da na gindin harshe ba su da hurumi a ciki, nasu tauna da haɗiya ne. To da mutum ya tsorata, jiki yakan saki sinadarin adirinalin, gaba ya yi ta faɗuwa, yawu ya ƙafe, kafaɗu su ɗaga, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji. Sai waɗancan manyan tsokoki su shigo aikin da ba nasu ba, su ja maƙogwaro sama kamar za a haɗiye loma, su matse hanyar. Muryar da ta kutso ta wannan matsatsin ita ce muke ji mu yatsine fuska. Mai waƙar ma yana jin ta, yana kuma ganin fuskarmu, sai ya ƙara firgita ya ƙara matsewa.

Kowa na iya gwada wannan a jikinsa. Yatsa na kan zakaran wuya, ka haɗiye yawu, za ka ji ya yi sama. Ka yi hamma, za ka ji ya sauka. Yanzu rera baitin da ke ba ka wuya. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma in ya haye ya ɓuya a ƙarƙashin haɓa duk lokacin da ka nufi sama, to da wuya kake waƙa. Ka kuma danna babban yatsa a naman da ke ƙarƙashin haɓa yayin da kake jan wasali. Ya kamata wurin ya zauna da taushi, in ya ƙage to gindin harshe ne ke danne muryar. Sauran alamun madubi zai nuna maka su: jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa, haɓa ta miƙe gaba, kafaɗu na hawa da kowace shaƙar iska.

Mai laifi na farko ba ma a zuciyar mawaƙin yake ba, a kan fiyano yake. Yadda aka saba a ƙananan situdiyo, mai kiɗa ne ke haɗa kiɗansa a inda hannunsa ya saba, sannan a ce wa mawaƙi ya hau. Kunnen jama'a kuma ya riga ya saba da siririyar murya mai tsini irin ta waƙoƙin finafinai, saboda haka kiɗan yakan tashi sama. Saurayi mai kauri a murya sai ya wuni yana miƙa wuya don ya kamo sautin da ba a ma'auninsa yake ba, in ya kasa a ce ba shi da baiwa. Alhali kusan kowace fiyano ta zamani tana da maɓallin ɗaga kiɗa ko sauke shi, kuma aikin bai kai minti ɗaya ba. Abin da ya dace, kafin a buga ko ganga ɗaya, a zaunar da mawaƙin a gaban fiyano, a bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, a gano sautin da ya fi ƙasa da yake iya riƙewa da tsabta, da wanda ya fi sama da yake kaiwa ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Sai a duba inda waƙar ta fi hawa, a tabbatar ya tsaya maɓalli biyu ko uku ƙasa da wancan iyaka, domin ranar taro tsoro zai cinye wannan rarar. Haka ma a kwaya da Islamiyya: malama ko shugaba ya ɗauko waƙa a inda ya yi masa daɗi, a bar masu kaurin murya suna shaƙewa a baya. Wanda ya ƙi sauke kiɗa don kada ya sake aiki, ba shi da bakin cewa yaro bai iya ba.

Na biyu kwaikwayo ne. Koyo dai da kwaikwayo ake fara shi, ba mai musun wannan. Inda ɓarnar take shi ne a kwaikwayi amon muryar wani, maimakon a kwaikwayi yadda yake ajiye numfashi da yadda yake sarrafa kari. Amon murya ya dogara da tsawon maƙogwaro da faɗin baki da ƙirar ganɗa, abubuwan da kowa da irin nasa. Don ka yi amon wani dole ka murɗe naka, ka ɗaga maƙogwaro, ka tura sauti ta hanci, ka ƙage harshe, kuma ka riƙe hakan tsawon waƙar. Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: muryar da yaro ke kwaikwayo a waya sau da yawa ba ta taɓa fita daga bakin mutum a haka ba. Tun 1997 da manhajar Auto-Tune ta fito ake daidaita sauti da na'ura, a yanka baiti daga ɗauka ta uku a liƙa a ta bakwai, a goge numfashi. Yaro yana auna ɗanyar muryarsa da abin da kwamfuta ta ƙera, yaya ba zai raina kansa ba? Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge, babu wanda muryarsa ta yi kama da ta wani, kuma da baiti ɗaya za ka gane kowannensu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A nan yankin har da harshe ake haɗawa. Ɗan Azare ko Misau yana jin kunyar Guddirancinsa, wanda ya tashi da Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Jaranci a gida yana fargabar a ji shi a lafazinsa, sai kowa ya shiga lanƙwasa harshe yana neman Kananci. Mutumin da ke gadin kowane harafi kada asalinsa ya fito, harshensa ba zai taɓa sakewa ba. Abin da ya wajaba a kiyaye a waƙar Hausa shi ne tsawon wasali da hawa da saukar sauti, don kada ma'ana ta juye ko kari ya karye. Ɗanɗanon garinku a baki ba aibi ba ne.

Sai kuma alƙalin da ke zaune a cikin kan mawaƙin. Kusan duk wanda ya fara jin muryarsa a naɗe yakan ce ba tasa ba ce, ta yi siriri, ta yi muni. Dalilin a fili yake. Idan kana magana kana jin kanka ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙashin kai, kuma ƙashi yana ƙara wa sauti kauri. Na'ura ta iska kaɗai take ɗauka, ƙaramar lasifikar waya kuma tana zubar da kaurin da ya rage. Muryar da ta ba ka kunya ita ce mutane suka saba ji tun fil azal ba su gudu ba. Babban lahanin wannan alƙali shi ne lokacin da yake zama. Hankali ba ya iya rera baitin da ke tafe yana kuma shari'ar wanda ya wuce. Da ka tsaya tunanin "na karkace a can", numfashin baiti na gaba ya riga ya makara, kuskure ɗaya ya haifi na biyu.

Magabata sun yi maganin wannan ba tare da sun ba shi suna ba. Wanda zai zama makaɗi a da, a amshi yake farawa. Yakan yi shekaru a bayan ubangidansa, muryarsa a cikin ta mutum uku ko huɗu, in ya kuskure ba wanda ya ji sai na kusa da shi. A nan yake sabawa da idon jama'a da hayaniyar fage, a hankali a fara sakar masa baiti ɗaya ya ja, har ranar da zai tsaya a gaba. Tsarin jagora da 'yan amshi ma kansa hutu ne, jagora yana samun sararin shaƙar iska da tuno baiti yayin da ake karɓa masa. Yau yaro daga ɗakinsa sai gaban makirufo shi kaɗai, daga nan sai TikTok, inda baƙon da bai san shi ba zai rubuta masa abin da ko maƙiyi ba zai faɗa masa ido da ido ba. Mun cire matakalar, muna mamakin yadda ake faɗowa. Ana iya mayar da ita: ka rera kai kaɗai har waƙar ta zauna, sannan ga mutum ɗaya da ka yarda da shi, sannan uku, sannan a cikin amshi a ƙaramin taro, kada ka tsallaka mataki sai wanda kake kai ya daina sa maka faɗuwar gaba.

Za a ce to kunya fa, ai ado ce, kuma in ba a faɗa wa yaro gaskiya ba yaushe zai gyaru? Kunya ta gari tana hana mutum faɗin abin da bai dace ba, ba ta hana ɗaliba buɗe baki ta rera yabon Annabi a gaban iyayenta mata. Abin da ke shaƙe ta tsoron dariya ne, kuma mu muka koya mata shi ranar da aka kwaikwayi muryarta a aji kowa ya fashe. Gyara kuwa dole ne, ni ma ba na goyon bayan a yi ta yabon abin da bai yi kyau ba. Amma gyara yana da lokaci da siffa. Ba a yin sa a tsakiyar baiti, ba a yin sa a gaban tsara, kuma ba a cewa "muryarka ba daɗi", domin ba abin da mutum zai iya yi da wannan magana sai baƙin ciki. A ce masa "a ɗango na uku iskarka ta ƙare, shaƙa kafin kalma kaza", wannan zai iya ɗauka ya yi aiki da shi. Mawaƙin ma ya yi wa kansa wannan adalci. Ya naɗa yau, ya saurara gobe, da takarda a hannu, ya rubuta abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara, da daidai daƙiƙar da yake. Ɗaya tak, sauran su jira.

Shi kuwa jiki, ba a lallashinsa da magana. Ce wa mai rawar murya "kwantar da hankalinka" bai taɓa kwantar da hankalin kowa ba. Minti 10 zuwa 15 kafin waƙa sun isa a yi abin da ke aiki. A tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a sake, kada a ƙame ta. A dafa haƙarƙarin ƙasa ta gefe biyu, a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a ji hannuwan suna buɗewa waje ba tare da kafaɗa ta motsa ba, sannan a sake ta da sautin "sss" ana ƙirga takwas, a ƙara zuwa goma sha biyu, har ashirin in an saba. Sau biyar ya wadatar. Fitar da iska a hankali yana rage gudun zuciya, shi ya sa fitarwar ta fi shaƙar muhimmanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika huhu taf, domin iskar da ta yi yawa tana tunkuɗo maƙogwaro, shi kuma ya matse don ya tare ta. Daga nan a murza tsokar muƙamuƙi da ke gaban kunne na minti ɗaya, baki a ɗan buɗe, kan harshe yana kwance a bayan haƙoran ƙasa. Sai a rufe baki a ja "mmm" a hankali har a ji leɓɓa da karan hanci suna zirr, a bi da kaɗa leɓɓa da iska irin yadda yara ke yin ƙarar babur, ana hawa ana sauka. In leɓɓan suka tsaya cak a wani wuri, to a nan iska ke yankewa ko wuya ke kamawa. Na ƙarshe shi ne sitiro na shan lemo, dabarar da masanin murya Ingo Titze na Amurka ya yaɗa: a sa shi a baki a rera karin waƙar ta cikinsa na minti biyu ko uku, ko a tsoma bakinsa santimita 2 zuwa 3 a cikin kofin ruwa ana kallon kumfa na tashi daidai wa daida. Iskar da ke komowa baya tana taimaka wa 'yan tsokar nan su yi karkarwa ba tare da sun bugi juna da ƙarfi ba. Bayan haka a karanta baitocin da baka kamar ana gaya wa wani magana, a zaɓi mutum ɗaya da ake nufi da su. Hankalin da ya tafi ga ma'ana da wanda ake faɗa wa, ba shi da sararin leƙen maƙogwaro.

A situdiyo akwai abubuwan da ke hannun mai na'ura. Ya fitar da 'yan rakiya waje. Ya tsayar da mawaƙi kamar taƙi ɗaya daga makirufo, wato santimita 15 zuwa 20, a daidai bakinsa, don in ya yi sama mutum zai ɗaga haɓa ya miƙe wuya. Ya daidaita abin da ke shiga hedifon, domin in kiɗa ya danne murya mawaƙi zai yi ihu, in kuma muryar na isowa kunne da ɗan jinkiri zai rikice ya rasa dalili. Zare hedifon daga kunne ɗaya yakan warware wannan. Sannan ya bari a rera waƙar daga farko har ƙarshe sau uku ba tsayawa, kafin a saurari ko ɗaya. Tsayar da mutum a kowane layi da "sake, sake" yana koya wa jikinsa jiran duka ne kawai. Shi ma mawaƙin kada ya zo koyon waƙarsa a ɗakin da ake biya da awa ga janareto na shan mai.

A filin Maulidi ko taron biki matsalar ta ji ce. Tun 1911 wani likita Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta hana shi jin kansa. Mukan jera lasifikoki duk suna fuskantar jama'a, sha'iri na tsaye a bayansu ga mandiri a kunnensa, ba ya jin komai nasa, kafin tsakar dare murya ta dishe. Ƙaramar lasifika ɗaya a ƙasa tana kallonsa ta fi duk wani haɗin citta da kanumfari amfani.

Tun da an zo kan haɗe-haɗe: duk abin da aka haɗiye, zuma ne ko ɗanyen ƙwai ko lemon tsami, ba ya taɓa 'yan tsokar murya, don hanyar abinci daban, ta iska daban, in da zai taɓa su da an ƙware. Abin ɗumi yana sanyaya rai yana kuma sassauta wuya, iyakarsa ke nan. Abin da ke isa wurin shi ne tururin ruwan zafi, minti 5 zuwa 10, da ruwan da aka sha tun sa'o'i kafin waƙa, musamman da hunturu, lokacin da laimar iska a yankinmu kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 ga ƙura. Tuwo da yaji da maiƙo dab da kwanciya suna tayar da ƙwannafi ya ƙona wurin cikin dare, a bar sa'a uku tsakani. Yawan gyaran murya buga tsokar ne da juna, kurɓar ruwa ta fi. Raɗa ma ba hutu ba ce ga muryar da ta dishe, shiru ne hutu. Mafi muni shi ne abin da wasu ke sha don "cire kunya". Gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma shi da tiramol ba su ɓace daga hannun matasa ba. Suna dusashe jin zafin da ke gargaɗin mutum ya dakata, kodin yana busar da baki, kuma wanda ya saba hawa fage da su ba ya ƙara yarda zai iya ba su.

Yara maza da ke tsakanin shekara 12 zuwa 15 suna bukatar haƙuri na musamman. Maƙogwaronsu na girma, murya na sauka da kusan maɓalli 12 na fiyano, tana karyewa ba da son ransu ba. Yaron da jiya shi ne zakaran ƙasida a makaranta, yau ana yi masa dariya ko a tilasta masa tsohon matsayinsa. A sauke masa waƙar, a mayar da shi amshi na ɗan lokaci, a gaya masa abin da ke faruwa da jikinsa.

Ba kuma kowace dishewa ce ta tsoro ba. Wadda ta wuce mako uku zuwa huɗu, ko ta zo da zafi, da wahalar haɗiya, ko jini a kaki, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Shekarun matse wuya kan fitar da wani ƙullutu mai kama da kanta a kan 'yan tsokar, kuma in an gano da wuri sau da yawa hutu da sauya salon rerawa sun isa, ba sai an kai ga tiyata ba. Shugaban kwaya ko uban majalisi da ya ji muryar yaronsa ta daɗe a dishe, ya dakatar da shi har ya ga likita, ya kuma faɗa masa a gaban kowa cewa gurbinsa na nan yana jiransa, domin tsoron rasa gurbin ne ke sa yawancinsu ɓoye ciwon su ci gaba da ja.